Tekun Bagwai da gurasar tanderu: Hutun da ba ya buƙatar biza

Duk mai kallon finafinan Indiya ya san yadda abin yake. Da zarar soyayya ta kankama, sai a ɗauke jarumi da jaruma daga tsakiyar gari a dire su a bakin teku, iska na kaɗa gyale, ga wani tangamemen otal a bayansu. Da wannan hoton muka taso, shi ya sa in ka tambayi saurayi ko budurwa a Kano inda suke burin zuwa hutu, da wuya ka ji an ambaci wani wuri in ba Dubai ko Indiya ba. Mai sauƙin buri ne zai ce Legas. To amma mai karatu, daga Kano zuwa Legas a mota kusan kilomita 1,000 ne, kuɗin jirgi kuwa ba sai na faɗa maka ba.

Furodusoshinmu sun daɗe da gano dabara. Tun zamanin kaset, in ana son ruwa a bayan waƙa sai a kwashi kayan aiki a nufi Tiga, dam ɗin da aka kammala a 1974 a zamanin marigayi Audu Bako, inda otal ɗin Rock Castle yake zaune a kan dutse yana kallon ruwa. Akwai kuma Bagauda, wadda otal ɗinta na bakin tafki ya koma makarantar horas da lauyoyi. Duk waɗannan a kudancin Kano suke. Arewacin jihar fa? Shi ma yana da nasa ruwan: akwai dam ɗin Tomas a wajen Ɗambatta da Makoɗa, akwai na Wasai a Minjibir, akwai kuma na Watari a Bagwai. Sai dai ba kasafai kyamara take leƙawa can ba. Tun da an ce gani ya kori ji, na bi wani abokina mai ɗaukar hoto a Industiri, wanda ɗan asalin yankin Bagwai ne, muka je muka kwana biyu a garinsu a tsakiyar hunturu.

HANYA

Daga tashar Ƙofar Ruwa muka hau mota, muka miƙi titin Katsina. Kurna, Rijiyar Lemo, Bachirawa, Miltara, sai ga Dawanau, babbar kasuwar hatsin nan da manyan motoci suke lodin gero da dawa da wake da riɗi zuwa sassan Nijeriya da ƙasashen maƙwabta. Da ka wuce Dawanau hayaniya ta fara raguwa, amma kada ka zaci za ka shiga daji. A wannan yankin babu daji. Gona ce take bin gona, gida yana hango gida, ƙauye bai gama ɓacewa a bayanka ba wani ya bayyana a gabanka.

An riga an girbe amfani, saboda haka ƙasa ta yi fayau, sai kara da aka ɗaure dami-dami aka jingine, da harawa da aka ɗora a kan rassan bishiya don kada dabbobi su cinye. Bishiyoyi kuwa ga su nan birjik a tsakiyar gonaki: kuka, ɗorawa, tsamiya, darbejiya, mangwaro, da gawo. Gawo bishiya ce mai abin mamaki, don ita da damina take zubar da ganye, da rani kuma ta yi kore shar. Shi ya sa manomi ba ya sare ta: ba ta tare wa shuka rana, ganyenta taki ne, 'ya'yanta kuma abincin awaki ne. Wani Bature masani mai suna Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, ya shafe shekaru tun daga wajajen 1960 yana nazarin wannan yankin da ke kewaye da Kano, yana mamakin yadda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu amma ba ta mutu ba. Amsar tana nan a bakin hanya: taki. A da jakuna ne suke kai itace birni su dawo da mangalar taki, yanzu kuma amalanke da a-kori-kura sun shigo cikin aikin.

A Bichi muka sauka, muka karya hagu muka nufi Bagwai. Kafin la'asar mun isa.

TANDERUN INNA

Gidan su abokina gida ne na gargajiya, ba a shiga kai-tsaye. A zaure aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo ruwa da fura. Sai da asubar washegari aka yi mini iso wurin mahaifiyarsa, wadda kowa a gidan yake kira Inna, don abokina ya riga ya gaya mata cewa baƙonsa yana son ganin yadda ake gasa gurasa. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana dariya, ta ce, "Ɗan nan, kai da ka fito daga garin gurasa, a ƙauye za ka zo kallonta?"

Tana da gaskiya. Gurasa 'yar birni ce. Masana sun danganta zuwanta Kano da Larabawan da suke ratso Sahara don fatauci, sunan ma daga Larabci ya samo asali, kuma har yau unguwannin cikin ganuwa irin su Jakara sun yi suna a kanta. Amma mu da muke saye a bakin titi, mutum nawa ne a cikinmu ya taɓa tsayawa ya ga yadda take fitowa daga wuta?

Ga yadda na gani. Tun da dare Inna ta tankaɗe fulawa a babban baho, ta zuba yis da gishiri da ɗan sukari, ta kwaɓa da ruwa mai ɗumi. Kwaɓin ba ya yin tauri irin na burodi, ba kuma ya yin ruwa irin ƙullun waina. Yana nan tsaka-tsaki, yana danƙo a hannu. Sai ta rufe shi ta ajiye a ɗaki don ya tashi. Da hunturu yakan ɗauki lokaci kafin ya kumbura, da zafi kuwa nan da nan ne, in aka yi sake ma sai ya yi tsami.

Tanderu wata ƙatuwar tukunyar ƙasa ce mai faɗin baki, an girke ta a gefen tsakar gida, an yaɓe jikinta da laka don ta riƙe zafi. Masu kallon Indiya, ku buɗe kunne: wannan tanderun ɗan'uwan tandur ɗin da Indiyawa suke gasa burodinsu ne, Larabawa kuma suna ce masa tannur. Aiki ɗaya ne, suna ma kusan ɗaya. Inna ta cusa karan dawa a ciki ta kunna, wuta ta tashi bal-bal, ta bari har ta cinye ta koma garwashi. Sai ta goge cikin tukunyar da jiƙaƙƙen tsumma, ta tsoma hannu a ruwa, ta gutsuro kwaɓi, ta ɗan faɗaɗa shi a tafin hannu, ta zura hannun cikin wannan zafin ta manna a jikin tanderu. Ɗaya, biyu, uku, har ta zagaye bangon. Ta rufe da faifan ƙarfe. Ba a jima ba ƙamshi ya cika gidan. Da ta buɗe, fuskar gurasa ta yi ja-ja, ta sa wuƙa ta ɓamɓaro su ɗaya bayan ɗaya tana jefawa a kwando.

Na dubi hannunta, gashin damtsen duk ya ƙone, ga tabon ƙuna tsoho da sabo. Na ce, "Inna, ba zafi?" Ta ce, "Da zafi mana, ɗana. Amma zafin rashi ya fi shi."

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda komai na gidan yake shiga cikin wannan sana'a. Karan da aka hura daga gonar maigida ya fito. Tokar da ta rage za a kwashe a zuba a juji, ta koma gona tare da taki. Ƙuli-ƙulin da za a barbaɗa daga gyaɗar maƙwabta ne, man da za a yaryaɗa shi ma daga jikin gyaɗar aka matso shi. Albasa da tumatir daga lambun bakin dam. Abu ɗaya ne kawai baƙo a tsakar gidan nan: buhun fulawa.

Kuma a nan gizo yake saƙar. Mafi yawan alkamar da kamfanonin fulawa suke niƙawa a Nijeriya daga ƙasashen waje ake shigo da ita, da dala. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022 farashin alkama ya tashi a duniya. A 2023 aka cire tallafin fetur, darajar naira kuma ta faɗi. Abin ya kai ga a watan Fabrairu na 2024 mata masu gasa gurasa a birnin Kano sun fito zanga-zanga, suna kukan cewa tsadar fulawa tana neman raba su da sana'ar da suke ciyar da 'ya'yansu da ita. Inna ba ta je zanga-zanga ba, amma ta ce mini a wancan lokacin sai da ta yi makonni ba ta hura tanderu ba, don in ta ƙara kuɗi ba mai saye, in ta rage girma a yi mata tsegumi. Yanzu takan haɗa fulawa da garin alkamar gida, wadda ake nomawa da rani a filayen ban-ruwa. Gurasar takan fi duhu, ta fi nauyi, amma wallahi ta fi riƙe ciki, kuma tsofaffi sun fi son ta.

Da rana ta ɗaga aka haɗa mana bandashe. An yayyafa wa gurasa ruwan ɗumi ta yi laushi, an barbaɗe ta da garin ƙuli-ƙuli mai yaji da gishiri, an yaryaɗa man gyaɗa, an yanka albasa da tumatir da gurji a kai. Mai karatu, na sha cin bandashe a Kano, amma wanda gurasarsa ba ta huce daga tanderu ba daban yake.

Ga 'yan'uwa mata masu karanta wannan shafi da ba su da tanderu a gida, abin ba ya gagara. Ki samu kofi huɗu na fulawa, cokali ɗaya na yis, ɗan gishiri da ɗan sukari, ki kwaɓa da ruwa mai ɗumi ya yi laushi, ki rufe ya tashi. Ki ɗora kasko mai kauri a wuta kaɗan, ki jiƙa hannu ki ɗebo kwaɓin ki baza a ciki, ki rufe. In saman ya bushe ya yi huji-huji sai ki juya. Ba za ta yi ƙamshin hayaƙin kara ba, amma za ta fitar da ke kunya ranar da ƙawaye suka zo kallon sabon fim.

BAKIN RUWA

Da yamma muka hau babur muka gangara dam. An gina dam ɗin Watari ne tsakanin 1977 da 1980, don noman rani da ruwan sha. Tun kafin ka hango ruwan za ka ji iska ta canja, ta yi sanyi, tana ɗauke da ƙarnin kifi da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Sai kwatsam ka gan shi shimfiɗe a gabanka. Da yake akwai hazo ranar, ban iya hango ɗaya gaɓar ba, ruwa da sama sun haɗe sun zama abu ɗaya. Abokina ya ɗaga hannuwa ya yi alamar kyamara da yatsunsa, ya ce in aka ɗauki waƙa a nan a irin wannan lokaci, ba mai gardama in an ce masa a bakin teku aka yi.

Ban ga otal ba, ban ga kujerun shan iska masu lema ba, ba kuma mai kawo maka lemo a faranti. Abin da na gani shi ne masunta suna gyara koma, wasu suna fitowa da karfasa da tarwaɗa, mata da yara suna wanki, Fulani sun kawo shanu shan ruwa, balbelu suna bin su. A ƙasan dam kuwa kore ne iya ganinka: tumatir, albasa, masara, shinkafa, alkama, duk a tsakiyar rani, injinan ban-ruwa suna ta ƙugi. Muka sayi soyayyen kifi, muka warware gurasar da Inna ta ƙunsa mana, muka shimfiɗa darduma a gindin wata bishiya. Wayata ba ta yi ƙara ba, ba furodusan da yake nemana, ba jarumar da take ƙorafin an buga hotonta ba daidai ba. Na jima ban ji kaina ya yi sakayau irin na wannan yammacin ba, kuma duk abin da na kashe bai kai kuɗin kwana ɗaya a matsakaicin otal a Kano ba.

Amma akwai abin da ya kamata duk mai zuwa nan ya sani kafin ya fara ɗaukar hoto yana murmushi. Wannan ruwan da mu baƙi muke gani wurin shaƙatawa, ga mutanen ƙauyukan da ke kewaye da shi hanya ce. Ta kansa suke zuwa kasuwa, ta kansa suke zuwa asibiti da biki da makaranta, don zagayowa ta ƙasa akwai nisa. A ranar 30 ga Nuwamba, 2021, wani kwale-kwale da ya taso daga ƙauyen Badau zuwa Bagwai ya kife a cikin dam ɗin nan. Mafi yawan waɗanda ke ciki ɗaliban Islamiyya ne da suke kan hanyar zuwa Mauludi. Aƙalla mutum 29 ne suka rasu, kuma rahotanni sun danganta haɗarin da lodin da ya wuce ƙima. Allah ya jiƙansu, ya sa sun huta.

Da abokina ya nuna mini wajen da jiragen suke tsayawa, sai na ga shi kansa muryarsa ta canja. A yankin nan da wuya ka samu wanda bai san gidan da aka yi rashi a wannan ranar ba. Daga nan ban ƙara kallon ruwan da idon mai neman lokeshan kaɗai ba.

SAƘO GA 'YAN FIM

A finafinanmu ƙauye iri biyu ne. Ko dai wurin barkwanci, inda baƙauye yake zuwa birni ya tsorata da fanka, ko kuma wurin da ake ajiye yarinya matalauciya har ɗan mai kuɗi ya zo ya ɗauke ta. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, ya ba mu dariyar da ba za mu manta ba, Allah ya gafarta masa. Amma ƙauye bai ƙare a camama ba. Ruwa kuwa ba ma tuna shi sai in za a yi rawa.

To ga labari nan a zube ba mai ɗauka. Ga dattijuwar da take zura hannu a wuta kullum asuba don 'ya'yanta su yi karatu, farashin wani abu da ake yankewa a ƙasar da ba ta taɓa jin sunanta ba yana neman kashe mata tanderu. Ga matuƙin kwale-kwalen da fasinja suka yi masa yawa, magariba tana gabatowa, kowa yana roƙonsa kada ya bar shi a gaɓa. Wane marubuci ne zai ce ba fim a nan? Ba sai an ari labarin Indiya an sauya masa riga ba.

Ko da waƙar ce ma za a ɗauka, akwai abin da darakta zai iya yi wanda ba zai ci masa ko sisi mai yawa ba. In za a sa jarumi da jaruma a kwale-kwale, a sa musu rigar kariya daga nutsewa, a bari kuma a gan ta a hoto. Mun san yadda matasa suke kwaikwayon taurari: ɗinkin da jaruma ta sa a fim, kafin sati biyu ya cika gari, askin jarumi ma haka. In ɗaurin ɗankwali zai iya yaɗuwa daga fim, me zai hana rigar da take ceton rai ta yaɗu? Yaron da ya ga gwaninsa sanye da ita ba zai ji kunyar neman ta ba ranar da zai hau ruwa.

IN ZA KA JE

Ga masu sha'awar zuwa, ga 'yan shawarwari. Ku tafi da sassafe ku dawo kafin dare, sai fa in kuna da masauki a wurin 'yan'uwa ko abokai. Lokacin hunturu zuwa farkon bazara ya fi daɗi, don hanya a bushe take, lambuna kuma sun yi kore. Ku riƙe darduma da ruwan sha. In kuna da yawa, musamman in da kyamara, ku fara zuwa ku gaida dagaci ko mai unguwa, ku faɗi abin da ya kawo ku. Kada ku ɗauki hoton matan mutane suna wanki ku watsa a TikTok ba da izininsu ba. Ba 'yan wasa ba ne, a bakin aikinsu suke. Ku yi shigar mutunci, don garin mutane kuka je.

Kada ku shiga wanka. Ruwan dam ba shi da tabbas, wuri ɗaya iya gwiwa, taku biyu gaba ya shanye mutum, ga kuma cutar tsargiya da ake ɗauka a irin wannan ruwan kwance. In kun ga jirgi ya cika, ku haƙura ku jira na gaba ko da za ku makara, kada kuma ku hau bayan magariba. Ledar da kuka ci abinci a ciki ku dawo da ita, don ruwan nan shi mutane da dabbobi suke sha.

Sannan don Allah in kun tarar da mai gurasa ko mai kifi, ku saya ba tare da dogon ciniki ba. Wanda zai iya biyan kuɗin data ya kalli fim mai dogon zango a YouTube har kashi hamsin, bai kamata ya tsaya yana ja-in-ja da tsohuwa a kan canjin gurasa ba.

Ranar da za mu taho, Inna ta cika mini leda da gurasar alkama, ta ce in kai wa mahaifiyata, in kuma gaya wa masu shirya fim cewa ƙofarta a buɗe take in suna son ganin tanderu, amma su zo da asuba, don wuta ba ta jiran mai barci. To furodusoshi, na isar da saƙo. Dubai tana nan ba inda za ta, duk wanda Allah ya hore masa ya je. Kafin nan dai, motar Bichi tana lodi a Ƙofar Ruwa. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.